Dawanau: Saƙon da Ya Keto Teku, Ya Maƙale a Bakin Sito

Duk wanda ya bar birnin Kano ta hanyar Katsina, ya wuce Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa, ya gota Mil Tara, hancinsa ne zai fara shaida masa cewa ya iso Dawanau. Ƙamshin citta da yajin barkono na gauraye da hayaƙin tireloli, ƙurar ridi kuma na sauka a kan riga tamkar hazon hunturu. A bakin titi ana ciniki da kwano da buhu, kamar yadda aka gada. Can ciki kuwa, bayan rumfuna, akwai wata Dawanau ta daban: dogayen sito-sito masu rufin kwano, inda ake tace ridi da zoɓo, a ɗinke su a buhu, a cika kwantena zuwa tashar jirgin ruwa ta Legas. Zoɓon da na ga mata na tsincewa a ƙasa, wani daga cikinsa a Meziko za a sha shi, ridin kuma ya nufi Japan ko Turkiyya.

Cikin wannan Dawanau ta biyu na yini ranar wata Laraba, tare da wani ƙanin abokina da ke sana'ar jan wayar intanet. Wani Alhaji ne ya kira shi, mai fili babba da sito huɗu, da ofis a bakin ƙofa, da sikelin auna motoci a can ƙarshen katanga. Kukansa ɗaya ne: ya kashe kuɗi an sa masa kyamarorin tsaro, an haɗa sikelin da kwamfutar ofis, amma hoton sito na ƙarshe sai ya ga dama yake zuwa, nauyin mota kuma har yanzu yaro ne ke rubutowa a takarda ya kawo da gudu. A harkar da ake biya bisa kilo, wannan takarda ƙofa ce ta ɓarna, kuma Alhaji ya san haka.

Yaron bai buɗe jakarsa ba. Takawa ya yi daga ofis zuwa sikeli yana ƙirga, sannan ya juyo ya ce, "Ranka ya daɗe, wayar ba ta lalace ba, an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta ne. Nan ya haura mita 180."

Ga abin da yake nufi. Wayar da aka saba gani a ofisoshi, mai silin jan ƙarfe takwas da aka murɗe bibbiyu, wadda 'yan kasuwa ke kira Cat6, tana da iyaka da ƙa'idar ƙerata ta yanke: mita 100 daga na'ura zuwa na'ura, 90 a cikin bango ko bututu, 10 na gutsattsarin da ake sokawa a kowane ƙarshe. Saƙon lantarki yana raunana yayin da yake tafiya cikin ƙarfe, kuma zafi na ƙara masa rauni. Wanda ya taɓa tsayawa ƙarƙashin rufin kwano a Kano cikin watan Afrilu ba ya buƙatar ƙarin bayani a nan. A gida ko shago mita 100 ta wadatar har da saura. A filin sito kuwa, ko tsawon gini biyu ba lalle ta kai ba.

Da ya yanki ɗan guntun wayar ya kankare silin da wuƙa, sai ga fari a ciki: alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Irin wannan ta cika kasuwa saboda arha, kuma ido ba ya bambanta su. Ta fi ta gaske tauye wuta, tana karyewa da wuri, ga shi kuma kyamarorin zamani ta cikin wayar nan suke shan wutarsu. Ni a ganina laifin ba na mai saye kaɗai ba ne. Mai aikin da ya ga nisan filin da idonsa, ya karɓi kuɗi ya yi shiru, shi ya fi cancantar tuhuma.

Akwai kuma haɗarin da damina ke zuwa da shi. Wayar ƙarfe da aka ja daga wannan gini zuwa wancan hanya ce aka share wa aradu. Ba sai ta faɗo a kan rufin ba. Ko a kusa ta sauka, wutar da ta haddasa na iya bin wayar ta ƙone na'urori a ɓangarorin biyu. Manyan injinan tace ridi da janareta su ma suna dagula saƙon idan wayar ta bi ta gefen tasu. Mai cewa a yi amfani da Wi-Fi a huta, ya tuna bangon kwano da tulin buhuna har rufi ba sa barin saƙon iska ya ratsa yadda ake so.

Maganin da ya ba Alhaji shi ne wayar faiba, wato zaren gilashi mai kaurin gashin kai, wanda haske ke bi maimakon lantarki. Nau'in da ake jan dogon zango da shi yana kai saƙo kilomita 10 da na'urori na yau da kullum, ba tare da an ƙara masa ƙarfi a hanya ba. Aradu ba ta bin gilashi, ƙarar inji ba ta dame shi ba.

A nan ne abin ya ba ni mamaki, har da ɗan takaici. Saƙon da mai sayen zoɓo ya aiko daga ƙetare ya riga ya yi tafiyar dubban kilomitoci cikin irin wannan zare a ƙarƙashin teku. MainOne da Glo-1 sun fara aiki a 2010, Equiano ta kamfanin Google ta iso gaɓar Legas a 2022. Daga Legas ya biyo gefen titi kimanin kilomita dubu zuwa Kano. Mun ɗanɗani muhimmancin wannan hanya ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da wasu wayoyin teku suka yanke a yankin Kodebuwa, bankuna da masu POS suka shiga halin ni-'yasu. An sha fama da gwamnoni kan kuɗin haƙa a gefen titi, har aka tsayar da Naira 145 kan kowace mita, kodayake ba kowace jiha ta bi ba. Duk wannan ɗawainiya an yi ta, sai saƙon ya zo ya maƙale tsakanin ofis da sikeli, a tazarar da ɗan dako ke yi da buhu a ka cikin minti uku.

Kada a ɗauka faiba ba ta da nata halin. Ba ta ɗaukar wuta, don haka kowane sito sai an tanadar masa 'yar na'urar rarraba layi da batiri ko sola, daga nan a ja gajerun wayoyin ƙarfe zuwa kyamarori. Ba ta son lanƙwasa mai tsanani. Ƙwayar ƙura ɗaya a bakinta ta isa ta dusashe hasken, kuma Dawanau garin ƙura ne. Idan ta tsinke ba a ƙulla ta da hannu. Sai an nemo mai na'urar narkar da bakunan biyu ta manne su. Sannan ga ɓeraye da gafiya, waɗanda inda hatsi yake nan ne gidansu, shi ya sa yaron ya dage a sayo mai sulke, a sa ta cikin bututu, a binne da zurfi a inda tireloli ke takawa.

Alhaji ya yi shiru yana lissafi, sannan ya ce, "To yaro, kankaren nan da na zuba bara fa?" Nan ne tsadar take. Kuɗin zaren bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na fasa kankare da sake zuba shi. Da a ranar da ake haƙa harsashi an jefa bututun roba biyu babu komai a ciki daga gini zuwa gini, da aikin yini ɗaya ne. Maginanmu suna tuna magudanar ruwa, suna tuna wayar wuta, amma har yau ban ga zanen sito da aka ware wa wayar sadarwa hanya ba, sai ƙalilan.

Wannan ba matsalar Dawanau kaɗai ba ce. A Sharaɗa da Bompai da Challawa, tsofaffin masana'antu da dama sun koma wuraren ajiya, an gina su tun kafin a san za a buƙaci haka, kuma suna da uzuri. Waɗanda ba su da uzuri su ne sababbin gine-ginen da za su ci gaba da tashi a kewayen tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, wadda aka buɗe a watan Janairun 2023, inda takardun kwastan da bin sawun kwantena duk ta intanet suke tafiya. Ya kamata hukumar da ke amincewa da zanen gini ta riƙa tambayar mai sito ta ina wayarsa za ta bi, kamar yadda take tambayar ta ina ruwa zai fita. Masu aikin kuma su riƙa barin taswirar inda suka binne waya a hannun mai wuri, domin mai haƙa kwata na baɗi ya san inda zai sa digarsa.