Gurbin Mako na Bakwai

Inna ta fi shekara ashirin tana riƙe adashin matan unguwarmu a Babura. Littafinta irin na 'yan firamare ne, ta ja masa layi da rula: kowace mace da layinta, kowane mako da gurbinsa. A zagayen da ya wuce mata 20 ne, zubi naira 2,000 duk Juma'a, mai ɗauka ta tashi da 40,000.

Da na zo sallah daga Kano, na tarar tana haɗa lissafin rufe zagaye da fitilar waya, tana matse ido. Abin ya tsaya mini a rai. Ni da nake rubuta wa kamfanoni manhaja, uwata tana ƙirga da yatsa? Na sa ƙanwata ta kwafe littafin a waya, kowace mace a layi ɗaya, da tazara tsakanin lambobi, ta turo mini fayil ɗin.

Aikin na 'yan aji ɗaya ne a jami'a. Kwamfuta ba ta ganin jadawali a cikin fayil, haruffa kawai take gani a jere. Sai manhaja ta ɗauki layi, ta yanka shi duk inda ta ga tazara, ta mai da kowane yanki lamba, ta zuba a gurbinsa, kamar yadda ake zuba 'ya'yan dara a ramuka. Layi 20, gurbi 20. Da Python na rubuta, kafin shayina ya huce na gama.

Sai manhajar ta tsaya, ta ce layi na 14 lamba 19 ne a ciki. Ita ta yi gaskiyarta. Ni ne nake sauri, abokai suna jirana a ƙofar gida, na ce mata duk layin da ya gaza ta cike ƙarshensa da sifiri. Sakamako ya fito: ana bin Gwaggo, maƙwabciyarmu, zubin makon ƙarshe. Ƙanwata ta aika yaro ya faɗa mata.

Bayan la'asar sai ga Gwaggo, ga kuma mata biyu 'yan adashin zaune a tsakar gida. Muryarta tana rawa ta ce, "Yaya, ba a hannunki na ba ki ba?"

Inna ta buɗe littafi. Makon ƙarshe a rubuce yake sarai. Mako na bakwai ne babu komai, makon da aka kwantar da mijin Gwaggo a asibiti. Ashe Inna ce ta zuba mata daga kuɗin ƙulinta, ta ce ta bar maganar. Ba ta rubuta 2,000 ba, don ba Gwaggo ce ta bayar ba. Ba ta rubuta sifiri ba, don kada wata ta leƙa littafi ta gani. Yanzu kuwa dole ta yi bayani a gaban mutane. Gwaggo ta sunkuyar da kai, ta yi sallama ƙasa-ƙasa ta fita.

Da dare na koma kan fayil ɗin. Ƙanwata ba ta yi kuskure ba, inda babu lamba ta bar tazara biyu. Umarnin yankan da na yi amfani da shi ne yake ɗaukar tazara biyu kamar ɗaya. Sai zubin mako na takwas ya zame zuwa na bakwai, na tara ya koma na takwas, har ramin ya gangaro ƙarshe. Da yake duk 2,000 ne, ido ba zai kama ba. Da ma da C na rubuta, da umarnin da ba ruwansa da ƙarshen layi, da lambar mace ta 15 ce za ta hau ta cike, kowa a ƙasa ta zame da gurbi ɗaya.

Gyaran bai ɗauki minti biyar ba. Waƙafi a madadin tazara, yadda waƙafi biyu a manne za su nuna gurbi ne ba kowa. Akwai ma alamar da muke sa wa irin wannan gurbin, NaN, ma'ana ba lamba ba ce. Amma sai jimillar mako na bakwai ta nuna 38,000, alhali wadda ta ɗauka 40,000 ta karɓa cif.

Da safe na ce, "Inna, me zan sa a wurin?"

Ba ta ɗago daga tsintar shinkafa ba. "Ka bar shi yadda na bar shi."

Kafin in koma Kano na je gaida Gwaggo na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, ta tambayi aiki. A hanya na saya wa Inna sabon littafi, na zauna na ja mata layukan da rula.