Zuwa ga Wuri, Kakan Kuɗi

Wuri, sallama daga Birnin Konni.

Jikata ce ta sa na tuna da kai. Ta dawo daga lakwal ranta a ɓace: mushe ya rubuta 100 a allo ya ce kuɗin ƙosai ne, ita kuwa ta san dala ashirin take miƙa wa mai ƙosai. Wa ke da gaskiya? Na ce duka biyun. Ta yi mini kallon da ake yi wa tsohon da ya fara ruɗewa.

Sai na buɗe tsohuwar adakar mahaifiyata, na same ku, ku uku, ɗaure a ƙyalle. Na ɗora ɗaya a tafinta. Ta juya ka, ta ga tsagar cikinka, ta ce, "Kaka, haƙorin wace dabba ce?"

Ka ji inda muka kai. Yarinyar da ke faɗin "kuɗi" sau goma kafin azahar ba ta san jam'in sunanka take kira ba. Na ba ta labarinka: daga tsibiran Maldibis na tekun Indiya aka kwaso ka, ka sha jirgin ruwa, ka sha bayan jaki. Masu ƙirga suna zama a tabarma suna jan ku biyar biyar da yatsu. A 1851 Barth ya tarar a Kano ana ba da 2,500 naku a kan dala ɗaya, azurfar nan mai hoton sarauniya Mariya Tareza da shekarar 1780 a jiki. Ita ma dalar ta bi ka, suna kawai ta bar wa tamma biyar. Shi ya sa yaranmu ke raba kowane farashi gida biyar a ka, ba su san gadon wa suka ci ba.

Ba zan yi maka ƙarya ba, nauyinka ya taimaka wajen korarka, kafin Nasara ya ce da ƙarfensa za a biya haraji. Sefa ta zo a 1945, naira a 1973. A Janairun 1994 muka kwana da jikka, muka tashi rabin darajarta ya tafi, takardar kuwa tana nan yadda take. Wannan ne na kasa fassara wa yarinyar, duk da kullum tana wuce 'yan canji a hanyar Illela da damman naira a gabansu.

Yanzu sai a ɗamarar ɗan kokawa nake ganinka, ko a faifan mai duba.

Ta saka ka a aljihun jakarta. Ta ce gobe za ta fara nuna wa mushe, in an tashi kuma ta gwada ka wajen mai ƙosai. Ban hana ta ba.