Malamin Gona da Zaɓen Taya

Masu iya magana kan ce araha ba ta ado. Mutane da yawa sun san wannan karin magana da baki, amma kaɗan ne suka san ta da jikinsu kamar yadda wani malamin gona ya san ta a fadamar Argungu cikin damanar 1 ga jerin damunan da ba zai manta ba, watau ta shekarar 2020.

Shi wannan malami iyalinsa suna zaune a Birnin Kebbi ne, aikinsa kuwa yana ƙasar Argungu. Kowace Litinin da sassafe yakan hau babur ɗinsa ƙirar Yamaha DT 125, irin mai dogayen ƙafafun nan, ya bi kwalta ta Ambursa da Alwasa, tafiyar kimanin kilomita 50. Daga Talata zuwa Alhamis sai ya nausa cikin fadamar Gulbin Rima, wajen Gulma da Sauwa, yana duba gonakin shinkafa. Wani lokaci kuma ya haye zuwa tudun Arewa, inda rairayi ke cin ƙafa har idon sawu. Ranar Juma'a ya komo gida. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a jihar Kebbi cikin watan Nuwamba na 2015, sai zirga-zirgarsa ta ninka, tayoyin babur kuwa suka riƙa cinyewa da sauri.

Da tayarsa ta baya ta yi sanƙo, sai ya shiga kasuwa ya sayi ta gwanjo, irin wadda ake kira 'yar Kwatano. Zanenta yana nan raɗau, kuɗinta kuma bai kai rabin na sabuwa ba. Ya koma gida yana jin ya yi wayo.

A ƙarshen watan Agusta na wannan shekara ruwa ya yi gyara, gulbi ya cika ya tumbatsa, ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a jihar. Malamin ya ɗauki ɗansa mai shekara 12 a baya, domin makarantu suna rufe, suka tafi ganin abin da ya rage na gonar wani dattijo. Suna bisa wata siririyar hanya mai santsi sai tayar nan ta tsage daga gefe, babur ya yi watsi da su. Shi ya tashi da ƙujewa kawai, yaron kuwa hannunsa na dama ya karye. Sati shida yana ɗaure a hannun mai ɗori, uwarsa ce ke ba shi abinci a baki. Ba ta taɓa cewa uffan ba, wannan shirun nata kuwa ya fi zagi zafi a zuciyar mijin.

Da yaro ya sami sauƙi, malamin ya tura babur zuwa wurin wani tsohon mai faci da ke sayar da taya a bakin tasha a Birnin Kebbi. Ya gaishe shi, sa'an nan ya nuna wata taya mai manyan haƙora kamar na galma, ya ce, "Baba, waccan nake so gaba da baya. Na gaji da faɗuwa."

Tsohon bai tanka ba. Ya jawo tsagaggiyar tayar, ya tofa yawu a gefenta, ya goge da babban yatsa, sai wasu lambobi huɗu suka bayyana: 1411. Ya ce, "Malam, kai ne mai boko, karanta mini." Malamin ya karanta, amma bai gane ba. Tsohon ya ce, "Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. An yi ta a sati na 14 na 2011. Shekararta tara ka ɗora ɗanka bisa gare ta."

Haƙiƙa gaskiya tsohon ya faɗa. Tun daga shekarar 2000 ake buga wannan lamba mai huɗu a jikin taya. Roba tana tsufa ko ana hawanta ko tana ajiye, ta bushe ta yi tsatstsage, zafin rana irin na wannan yanki kuwa yana gaggauta tsufanta. Zane mai zurfi ba shaidar ƙuruciya ba ne. Bugu da ƙari, tun da kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina yin taya a Ikeja a 2008, sai kasuwa ta dogara ga na waje, sababbi da kwance suka cakuɗe, ya zama idon mai saye ne kaɗai zai fid da shi.

Sa'an nan tsohon ya juyo ga maganar mai haƙora. Ya ce, "Ɗana, waccan ta farko aljihunka ya zaɓa maka ita. Wannan kuwa tsoro ke son zaɓa maka. Zauna ka ƙirga mini hanyarka ta sati guda."

Malamin ya zauna bisa benci ya fid da biro. Kwalta, zuwa da komowa, kilomita 100. Hanyar ƙasa, laka da rairayi da marmara, ta kwana uku, ita ma ta tasam ma haka. Ashe rabi da rabi ne, alhali a zuciyarsa yana ganin duk rayuwarsa cikin taɓo take, domin nan ne ya faɗi.

A nan ne asirin zaɓen yake. Abin da ke taɓa ƙasa daga kowace taya bai wuce tafin hannu ba, kuma bisa waɗannan tafuka biyu ne birki da kwana da rai suka dogara. Taya mai manyan haƙora tana nutsa cikin laka ta kama, giɓin da ke tsakanin haƙoran kuma yana zubar da taɓo, amma a kan kwalta kawunan haƙoran kaɗai ke taɓa hanya, saboda haka tana gunji, tana cinyewa da wuri, birkinta kuma yana ja in an yi ruwa. Mai laushin zane kuwa tana kwanciya lif bisa kwalta, tana daɗewa, amma da ta shiga fadama zanenta zai cike da laka ta koma kamar sabulu. Shi ya sa masu yin tayoyin baburan doguwar tafiya sukan kasa su da lissafi: wata kashi 80 na kwalta da 20 na ƙasa, wata 50 da 50. Ba a haɗa taura biyu a baki, duk wadda mutum ya ɗauka ya saryar da wani abu.

Tsohon ya ɗauko masa matsakaiciya, mai haƙora gajeru da ke kusa da juna a tsakiya, masu tazara a gefe. Ya nuna masa girman da ya dace da babur ɗin, inci 21 a gaba da 18 a baya, da kibiyar da ke nuna wajen juyawa, da lambar shekara wadda ba ta cika guda ba. Ya ce lallai a sa sabon tif, gama tsohon tif mai faci bakwai cikin sabuwar taya kamar tsohuwar igiya ce a sabon guga. Ya gargaɗe shi ya riƙa auna iska da safe kafin taya ta ɗauki zafi, in zai shiga rairayi ya rage kaɗan, da ya hau kwalta ya mayar, domin taya mai ƙarancin iska zafi take yi har ta fashe. Kwanakin farko kuma ya tafi a hankali, sabuwar roba tana da santsi.

Da aka faɗi kuɗi, malamin ya yi shiru. Abin da ya rage masa a ɗaka buhu biyu ne na shinkafar rani, ga shi ta damana ruwa ya tafi da ita. Ya koma gida ya gaya wa maiɗakinsa. Ta dubi hannun yaron, wanda har yanzu bai miƙe sosai ba, ta ce, "Malam, a sayar. Tuwon dawa bai taɓa karya kowa ba."

Aka sayar, aka ɗaura tayoyi. A bikin kamun kifi na Argungu ana yabon wanda ya fito da babban giwan ruwa daga Matan Fada, ba a tambayar gorar da ta riƙe shi bisa ruwa. Haka taya take, ba a tunawa da ita sai ranar da ta saki mutum. Malamin yana nan yana bin hanyarsa, kuma in ya tsaya a gona, bayan ya gama maganar iri da taki, yakan durƙusa gefen babur ɗin manomi ya goge tayar da yatsa ya karanta masa shekarunta. Yaron ya warke, sai dai in sanyin hunturu ya sauko hannun yakan yi masa tsami.