Daren da Kaka ya yi mana sharhi

Shekara uku ke nan da kunnen Kakanmu ya toshe. Duk Sallah mu jikokinsa mukan taru a Tambuwal, mu ɗauki hanyar Kebbe mu gaishe shi, amma gaisuwar ta koma ihu. Mu ɗaga murya, ya ce "Na'am?", mu maimaita, can sai mu gaji mu koma kan wayoyinmu, mu bar shi da carbinsa. Abin kunya ne, amma haka muke yi.

Bana muka tafi da kwamfutar da muke rubuta manhaja da ita, a cikinta akwai The Immigrant, gajeren fim ɗin Charlie Chaplin na 1917, wanda ba ya kai rabin awa, kuma babu mai furta ko kalma a ciki. Yara muka saukar wa. Bayan isha'i muka ɗora ta a kan turmi a tsakar gida.

Kaka ne ya fara dariya. Ya matso da buzunsa, ya ce ai wannan majigi ne, irin wanda motar gwamnati ke kawowa Tambuwal suna samari, a kafa farin ƙyalle, wani ya riƙe lasifika yana fassara wa jama'a da Hausa. Bai jira kowa ba ya karɓi aikin mutumin.

Inda Chaplin ya tsinci kuɗi a titi, suka zurare ta hujin aljihunsa bai sani ba, ya shiga gidan abinci har ya saya wa budurwa wake, Kaka ya ce, "Ku dubi wanga yaro! Bai da ko anini, shina ciyar da ɗiyar mutane!"

Sai kuma ya yi shiru. Edna Purviance ce a fuskar kwamfutar, riƙe da hankici. "Uwatta ta rasu," in ji shi. Mu da kunnuwanmu lafiya lau ba mu lura ba, sai da muka mayar da fim ɗin baya. A fuskarta ya karanta, kamar dai yadda ya shekara uku yana karanta namu, har da gajiyar da muke zaton mun ɓoye.

Ƙarshen ne bai gamshe shi ba, inda Chaplin ya sungumi yarinyar cikin ruwan sama zuwa ofishin ɗaurin aure.

"Ina waliyyinta? Sadaki fa, da hudajjen aljihu?"

Muka ce, "Kaka, Amurka ce." Bai ji ba. Ya nuna kwamfutar da sandarsa, ya ce a maido shi daga farko.