Kumfa da Awo a Wuraren Wankin Mota na Zango

Daga Aboabo zuwa Asawase, a nan Kumasi, da wuya mutum ya ratsa layi uku bai tarar da 'ya'yanmu suna wankin mota ba. Mu da muka taso da bokiti da soso, yau mun wayi gari ana harba wa mota kumfa da bindiga, ta yi fari fat kamar an lulluɓe ta da auduga. Abin sha'awa ne. Sai dai daga cikin ƙararrakin da muke rubutawa a zauren dattijonmu, da dama a kan wannan kumfa suke: maigida na zargin yaransa da karkatar da shamfu saboda galan ya ƙare kafin lokacinsa, mai mota kuma na kukan fentinsa ya dushe.

Da muka bi diddigi, sau da yawa babu ɓarawo a ciki. Awo ne babu. Masu mota sun ɗauka kaurin kumfa shi ne tsabta, yara kuma, don faranta musu, sai su tuttula shamfu har rabin kwalba. Alhali kwalbar bindigar lita 1 take ci, kuma yawancin shamfun mota kashi 1 ake sawa cikin kashi 9 ko 10 na ruwa, wato kimanin mililita 100, kusan ƙaramin gwangwanin tumatir ɗaya da rabi. Wanda ya fi ƙarfi ma bai kai haka ba, kuma adadin yana rubuce a jikin galan ga mai karantawa. Ruwa ake fara zubawa, sannan shamfu, a juya a hankali. In aka girgiza, kumfar a cikin kwalba za ta tashi, bindiga ta riƙa zuƙar iska. Idan kumfa ta fito tsararo, maɓallin da ke saman bindigar ake murɗawa tukuna. Wani lokaci laifin ruwan rijiya ne mai gartsi, wani lokaci kuma matacin ciki ne ya toshe don ba a ɗauraye shi bayan aiki.

Wanda ya fi damunmu shi ne mai cike giɓi da omo ko sabulun wanke-wanke idan shamfu ya ƙare. Kumfa kam za ta tashi, amma tana cinye man da aka goge fenti da shi, motar kuwa amana ce a hannunsa. Haka wanda ke barin kumfa ta bushe a tsakiyar rana, musamman da hunturu. Minti 3 zuwa 5 a inuwa sun ishe ta jiƙa ƙura, a ɗauraye.

Shari'ar ƙarshe da muka rubuta, dattijo bai rantsar da kowa ba. Ya sa aka kawo kwalbar, aka auna a gaban maigida da yaransa, aka ja layi biyu da jan fenti, ɗaya na ruwa, ɗaya na shamfu. Wata biyu ke nan ba su dawo zaure ba.