Ƙusoshi biyar tsakaninka da kwalta

Samarinmu na nan Ingila da suka kamu da ciwon mota sun san kuɗin rim, sun san kuɗin salansa mai ƙara, amma kaɗan ne za su iya gaya maka ƙarfin da ake ɗaure notin taya da shi. Alhali duk gudun da Subaru Impreza ko tsohuwar Civic Type R za ta yi, ƙusoshi 5 ne a kowace ƙafa ke riƙe da wili, kowace kaurinta milimita 12 kacal. Ɗan yatsanka ma ya fi ta kauri.

Abin da na daɗe ina gardama a kai shi ne, ƙusar nan ba ta karyewa don raunin ƙarfe. Hannun mutane ne ke kashe ta. Idan ka ɗaure noti, ƙusar miƙewa take ɗan yi kamar roba, wannan jan ne ke manne wili da jikin ƙafa. A 108 Nm, awon da Honda ta ba Civic, ƙusa ɗaya tana matsewa da ƙarfin da ya kai wajen tan 4. Wannan mannewar ce ke ɗaukar nauyin mota da birki da kwana. Da zarar noti ya saki, wili ya fara motsi, sai ƙusar ta shiga lanƙwasa gaba da baya a kowane juyin taya, har ta tsage a hankali. Idan kuma aka zarce da ɗauri, ta miƙe fiye da inda za ta iya komawa, shi ke nan ta gama aiki ko da ido bai gani ba.

Kawuna ya yi tuƙin Fijo 504 shekara da shekaru kafin ya zo ƙasar nan, kuma har gobe shi ɗauri a wurinsa sai an hau wilsifana da ƙafa an ji ta yi kuka. Na taɓa nuna masa sifana mai awo, wadda ke yin ƙas idan ta kai lambar da aka saita. Ya juya ta ya ce, "Ɗana, wannan ai ta ragwaye ce." Na ce, "Kawu, Allah ya ja kwana, ita taku motar ba ta shiga kwana da gudun mil 90." Dariya kawai ya yi. Ban ga laifinsa ba. Masu laifin su ne shagunan taya da ke ɗaure noti da bindigar iska, wadda ke iya wuce 500 Nm, don kawai layi ya ragu.

Wani abokina ya kai Imprezarsa ranar da ake buɗe filin tsere ga kowa ya gwada motarsa, irin yadda ake yi a Brands Hatch da Donington Park. Kwana biyu kafin nan wani shago ya sa masa sababbin tayoyi. Bayan zagaye kaɗan ya ji sitiyari na rawa, Allah ya sa ya fito. Ƙusa 2 sun guntule a ƙafar gaba ta hagu, sauran 3 notinsu da hannu ake juyawa. Na ɗauki guntun na duba: rabin fuskarsa sumul da layi-layi, alamar tsagar da ta daɗe tana ci, sauran rabin kuma gautsi, inda ya ɓalle lokaci ɗaya. Wallahi ranar babu wanda ya iya cin abincin da muka zo da shi. Ƙaninsa ɗan shekara 17 ne a kujerar gefe.

Akwai kuma maganar sifesa, farantin da ake sawa don taya ta fito waje mota ta yi faɗi. Kyau dai tana yi, ban musa ba. Sai dai duk milimitar da ta ci, daga haƙorin da noti zai kama ta ci. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce noti ya shiga aƙalla kaurin ƙusar, wato milimita 12. A Honda da Mitsubishi, masu haƙori 1.5, juyi 8 ke nan. A Subaru da Nissan, masu haƙori 1.25, kusan juyi 10. In ka ƙirga ka samu 5, to sai dai a sa dogayen ƙusoshi irin na ARP ko a cire sifesar. Kuma kada a ari notin Honda a cusa wa Subaru don ya fara shiga, zai cinye haƙorin ne.

Giris ma tarko ne. Awon da ke littafin mota na busasshen haƙori ne, in ka shafa mai, sifanar za ta yi ƙas a lamba ɗaya amma ƙusar ta ja fiye da kima. Haka ɗaure noti birki na huci bayan an fito daga fili. A bari ya huce tukuna.

Tun 2018, a gwajin MOT, noti ko ƙusa ɗaya da ta saki ko ta ɓace a wili ta isa a kayar da mota, fiye da ɗaya kuwa rubutawa ake yi mai haɗari ce, bai halatta a hau titi da ita ba sai an gyara. Abokina dai duka 20 ɗin ya canza, har na ƙafafun da babu abin da ya same su, tunda bindiga ɗaya ce ta ɗaure su.