Ina Ake Sa Mata Layi?

Kwanakin baya uwargida ta matsa mini in rage tarkacen da ke cikin tsohuwar akwatina, ina cikin tono sai ga PSP ɗina a naɗe cikin wata hula da na daina sawa. Batirinta ya kumbura har ya ɗaga murfin baya. Na goge ta da gefen riga na tafi da ita shago, don ina da ɗan shagon caji da turin fina-finai a nan Wudil, ba nisa da titin da ya wuce Maiduguri. Da la'asar samari suka taru kamar kullum, kowa na jiran wayarsa ta ɗan sha wuta. Wani yaro da bai wuce shekara goma sha shida ba ya ɗauke ta daga kan benci, ya juya gaba ya juya baya, ya leƙa gefe, sannan ya ce, "Yaya, wannan wace irin waya ce? Ina ake sa mata layi?"

Dariya ta kama ni, domin yaron nan kullum sai ya buga ƙwallo a wayarsa ta cikin wata manhaja mai suna PPSSPP, kuma da bakinsa yake cewa "gem ɗin PSP". Aikin manhajar kenan, ta kwaikwayi wannan na'urar da ke hannunsa. Ya shekara uku yana cin tuwon gidan, bai taɓa ganin mai gidan ba sai ranar.

Amma ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba. Tambayarsa ce, don na taɓa jin irinta daga bakin mahaifina, Allah Ya jiƙansa, kuma zan zo kanta.

Gem ɗina na farko ba PSP ba ne. Wani ɗan roba ne ruwan toka, mai tsawo kamar bulo ɗin sabulun wanki, an rubuta masa "9999 in 1" a goshi. Kawuna ne ya sayo mini wata Juma'a, ranar kasuwar Wudil, bayan ya yi cinikin shanu a kara ya ji aljihunsa da nauyi. Ƙaryar da ke goshin abin ba a magana: wasannin cikinsa ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba, sauran duk maimaici ne da aka ƙara wa sauri. Akwai na jera bulo, akwai na tseren mota, akwai na tankar yaƙi. Sai da na girma na san cewa wasan jera bulon nan kwaikwayon Tetris ne, wanda wani ɗan Rasha, Alexey Pajitnov, ya ƙirƙira a Mosko a 1984. Mu dai abin da muka sani shi ne batir biyu yake ci, kuma idan suka fara sanyi sai rubutun ya dusashe. Daga nan sai dabara: a shanya batir a rana, a ɗan cije shi da haƙori, a mayar, a samu na rabin sa'a. Mu bakwai muke layi a kansa a zauren gidanmu, wanda ya mutu ya miƙa wa na gaba. Har yau ban ga adalci irin na wannan layin ba.

A unguwarmu yaro ɗaya ne ke da Game Boy na gaske, tsarabar Makka da mahaifinsa ya kawo masa. Taɓa shi ma sai da kamun ƙafa. Kamfanin Nintendo na Japan ya fito da shi a 1989, kuma idan aka haɗa da ƙanensa mai kala an sayar da sama da miliyan 118. Abin da ya ba ni sha'awa da na karanta tarihinsa daga baya shi ne tunanin injiniyan da ya jagoranci ƙera shi, Gunpei Yokoi. Da gangan ya ƙi sa masa gilashi mai kala, ya zaɓi tsohuwar fasaha mai araha wadda ba ta shan batir. Kamfanin Sega ya fito da Game Gear mai kala, mai kyan gani, amma batir shida yake lashewa cikin 'yan sa'o'i, Game Boy kuwa da huɗu zai kai ka kwanaki idan kana lallaɓawa. Marar kalar ne ya yi nasara. Duk wanda ya taɓa cizon batir a Wudil ba sai an yi masa bayanin dalili ba.

Da wayar GSM ta shigo Najeriya a 2001, ba wanda ya yi tunanin gem a lokacin, don layi kaɗai ya fi ƙarfin talaka. Amma da Nokia 3310 da 'yan uwanta suka yawaita, sai ga wasan maciji a ciki. Yayanmu zai ajiye waya ya shiga wanka, kafin ya fito mun cinye masa layi biyu na caji. Tun daga nan 'yan robobin bulo suka fara ja da baya a kasuwa, ba don macijin ya fi su daɗi ba, sai don yana cikin abin da dole dama a saya.

Wannan shi ne darasin farko, kuma Baba ne ya koya mini shi ba tare da ya sani ba. Wajen 2009 na tara kuɗin aikin hutu, har da na lodin yashi a bakin kogi, na hau mota zuwa Kano na sayo PSP ta hannu. Sony ta fito da ita tun 2004, kuma a idona a lokacin babu abin da ɗan Adam ya ƙera da ya kai ta kyau. Na dawo gida ina ta rawar jiki na nuna masa. Ya karɓa, ya ɗaga ta sama ya duba, ya ce, "Ana kira da ita?" Na ce a'a. "Tana kama BBC?" Na ce a'a, Baba, ta wasa ce. Ya miƙo mini ita a hankali kamar mai miƙa abin da ya karye, ya ce, "To, Allah Ya sa albarka." Bai ƙara ko kalma ba, amma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Shekara goma sha biyar tsakani, tsoho da yaro sun yi tambaya ɗaya. A garinmu abin da ba shi da amfani sai guda ɗaya, kuma amfanin nan wasa ne, da wuya ya samu mai kare shi a gaban iyaye. Waya kuwa tana da hujja ɗari. Yaro zai ce karatu zai yi da ita, ɗalibin Jami'ar Aliko Dangote da ke nan garin zai ce ta nan ake turo darussa, mai sana'a zai ce ta nan ake yi masa taransifa. Duk gaskiya suka faɗa. Gem ɗin sai ya shige ta ƙarƙashin wannan inuwar, ba wanda ya nemi izininsa.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Bayan iPhone ta fito a 2007 kuma Android ta biyo baya, kasuwar na'urorin gem na hannu ta girgiza a duniya baki ɗaya. PSP ta sayar da kusan miliyan 80, amma magajiyarta PS Vita ba ta kama ko ƙafar hakan ba, har Sony ta daina ƙera ta a 2019. Nintendo DS ta wuce miliyan 154, wadda ta gaje ta, 3DS, ta tsaya a kusan rabin wannan. Masu sharhi da yawa sun riga sun yi wa harkar sallar gawa. Sai Nintendo ta fito da Switch a watan Maris na 2017, na'urar da za ka buga a hannu, ka dawo gida ka jona ta da talabijin, ta sayar da sama da miliyan 150. Kamfanin Valve ya kawo Steam Deck a 2022, wadda kwamfuta ce sukutum a tafin hannu. A watan Yunin 2025 Switch 2 ta fito, aka sayi sama da miliyan uku da rabi cikin kwana huɗu. Gawar da aka yi wa salla ta tashi tana tafiya.

Sai dai ba ta nufo Wudil ba. Dala 450 aka sa wa Switch 2 a Amurka da ta fito. Bayan an saki naira a 2023 dala ta haura N1,500, a wannan canjin kuɗinta ya kai kusan N700,000 kafin kuɗin dako da ribar ɗan kasuwa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa N70,000 ne, wato aikin wata goma ba ci ba sha. Kaset ɗaya na wasanta Mario Kart World dala 80 ne. Da kuɗin kaset ɗin nan kaɗai yaro zai shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya fito da Tecno ko Infinix ko itel, ya zo wurina in cika masa ita da wasanni kafin a kira magariba. Idan gilashinta ya fashe, akwai mai gyara a kowane lungu. Ni kuwa da batirin PSP ɗina ya mutu, sai da na zaga shaguna har ƙafata ta gaji, wanda na samu daga ƙarshe jabu ne, bai yi wata biyu ba.

Duk da haka, ina zaune a shago ina kallon wani abu da ke ba ni mamaki. Yaran da suka ƙware a PUBG da Free Fire da Call of Duty ba su gamsu da wayar yadda take ba. Gilashi santsi gare shi, yatsa na gumi, ga zafin Wudil a watan Afrilu, wayar ta ɗau zafi har ta fara sanɗa. Sai ka ga wannan ya sayo hannun gem ya maƙala wayar a kai, wancan ya liƙa mata 'yar fanka a baya, wani ya sa wa manyan yatsunsa 'yar safa, ga fawa bank a aljihu da igiya tana reto. Ana tsakiyar wasa kira ya shigo, ka ji ashar. Idan ka tsaya ka dubi abin da suka harhaɗa, na'urar gem ta hannu ce suke sake ginawa da kansu, guntu-guntu, kuma ba ta kai ta asali daɗin riƙewa ba. Wannan ya nuna mini cewa waya ta ci kasuwa, amma hannun ɗan Adam har yanzu maɓalli yake so, abin da zai danna ya ji ya dannu.

Darasin da ya fi yi mini tsada kuwa a cikin gidana na koye shi. Ɗana na fari shekararsa tara. Ya saba karɓar wayar mahaifiyarsa da sunan minti biyar. Wata rana ta zo biyan kuɗin cefane sai ta tarar asusunta ya yi ƙasa, muka bi diddigi muka gano ya haddace lambar sirrinta yana sayen kayan ado na wani wasa, riga da bindigar da ba za a taɓa riƙewa a hannu ba. Da na karɓi wayar na duba da kyau, kuɗin ne ma ƙaramin abu. Tsakanin zagaye da zagaye tallar caca ce ke fitowa, kuma akwai manyan mutane da bai sani ba suna yi masa magana ta cikin wasan. Na kira shi na ce, "Kai, wa ya koya maka wannan?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Abba, ai kyauta ne gem ɗin." A nan na gane inda matsalar take. Ɗan robana na bulo sau ɗaya aka biya kuɗinsa, kuma bai sake neman komai a wurina ba sai batir. Wasan da aka ce kyauta ne an gina shi ne don kada ka tashi, saboda zamanka shi ne cinikin. Ga data, wadda kuɗinta ya ƙaru tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025.

Mahaifiyarsa ta ce a hana shi gem kwata-kwata. Ni da na san abin da na yi a zauren gidanmu, kunya ba za ta bar ni in yanke wannan hukunci ba. Sai na sa aka kawo mini ɗaya daga cikin 'yan ƙananan na'urorin nan na China da ke yawo yanzu, masu siffar Game Boy, cike da tsofaffin wasanni a memori. Kuɗinta bai kai na ƙaramar waya ba. Ba zan yabe ta fiye da kima ba: robarta sakwat take, rabin wasannin maimaici ne kamar na zamaninmu, kuma na san ba da izinin masu su aka zuba su ba. Amma ba ta da layi, ba ta da talla, ba wanda zai yi masa magana ta ciki. Idan na ce a ajiye, a aljihuna take kwana, kuma ba zai ce mini karatu zai yi da ita ba. Abin da Baba ya gani a matsayin aibi, wato rashin amfani sai guda ɗaya, shi ne yau na biya kuɗi na saya.

Har ila yau layin nan na zaure ya dawo. Ranar Alhamis da Juma'a, da ba a zuwa Islamiyya, sai in tarar da yara biyar ko shida a ƙofar gida, kawuna a haɗe, wanda ya mutu ya miƙa. Waya ba ta cika yin haka ba, kowa tasa yake kallo.

A ganina hanya biyu ta rage wa waɗannan na'urori. Masu tsadar za su ci gaba da rayuwa a Japan da Amurka da Turai, da gidajen masu hali a Abuja da Legas da Nasarawa ta Kano. Masu arahar kuma, in 'yan kasuwarmu sun farga, suna da masu saye a garuruwa irin namu: iyayen da ba su shirya miƙa wa ɗan shekara tara intanet ba. Samari kuwa waya ta riga ta tafi da su, ba na jin akwai mai dawo da su. Na san shi ma nawa, nan da shekara huɗu ko biyar, zai zo ya tsaya a gabana ya ce abokansa duk a waya suke haɗuwa, kuma zai yi gaskiya.

Idan kai uba ne kuma yaronka ya fara maƙale wa wayar uwarsa, kafin ka saya masa tasa ka nemi irin wannan 'yar na'urar ka gwada. Tamu ta shiga wata na bakwai, maɓalli ɗaya ya fara maƙalewa, amma tana aiki.